Maganin Rana

Duk gidanmu mutum ɗaya Allah ya ba haƙuri, shi ne autanmu. Ni kam ban samu ko ƙwaya ba. Inna takan ce ranar da aka yi rabon haƙuri ina can ina faɗa da mai rabon. Auta zabiya ne, fari fat, gashinsa kamar gemun masara, idanunsa ba sa tsayawa wuri guda. Na girme shi sosai, ni na goye shi, kuma kafin ya iya tafiya na riga na fasa wa yaran unguwa baki ba adadi, don sun kira shi Baturen gida.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, ba nisa da Gummi. In damina ta yi ƙarfi gulbi yakan cika ya malalo, in ya janye ya bar mana tafki cike da kifi. Daga nan Sarkin Ruwa ya ɗaure tafkin. Ka ɗebi ruwa, ka yi wanka, ka ja wa shinkafarka, amma ba ka taɓa kifi ko ɗan mitsitsi sai bazara ta yi tsakiya an sa ranar su, wato ranar kamun kifi, gari duka ya faɗa ruwa da homa da gora. Kifin wannan rana shi muke bandawa, shi ke riƙe miyar kowane gida har ruwan sama ya dawo. Wanda bai zauna da mu ba zai ce kifi ne kawai.

Auta ba shi da maƙiyi kamar rana. In ya wuni a waje fatarsa ta yi jajawur, gobe ta yi bororo, jibi ta saluɓe. Leɓɓansa kullum a tsattsage, wuyansa da bayan hannunsa duk baƙaƙen ɗigo. Inna ta shafa masa man kaɗe har ta gaji. Mun yi mun yi ya zauna a zaure ya koyi ɗinkin hula, ya ƙi. Ya ce shi ba kaza ba ne da za a kife da kwando. Da ya zama saurayi sai ya kama noman rani kamar sauran maza, kuma shi ke shiga tafki har ƙirji ya gyara bakin tiyon injin ban ruwa in ciyawa ta toshe shi.

Wata shekara wasu masu taimakon zabiya suka zo Gummi, aka yi shela, na ja shi muka tafi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta duba shi tun daga ka har ƙafa. Da ta zo bayan kunnensa na hagu sai ta tsaya, ta daɗe tana shafa wani wuri mai kaushi kamar bayan ƙadangare. Ta ce mini irin wannan ne ke komawa ciwon daji in rana ta ci gaba da dukansa. Ta ba mu wani farin mai a roba irin ta man goge baki, da yawa, ta ce ya shafa da safe, ya ƙara in ya yi gumi, ya ƙara in ya fito daga ruwa. Ta riƙe hannuna ta ce, “Wannan man shi ne tsakaninsa da ciwon nan. Kar ki bari ya yanke.”

Wallahi na ga aikin man nan da idona. Leɓɓansa suka warke, wuyansa ya yi sumul, har ya fara tsayawa hira da 'yan mata a bakin rijiya. Inna ta tambaye shi sunan abin, ya yi dariya ya ce, “Maganin rana ne, Inna.” Sunan ya bi shi. Ba wanda ya yi tunanin komai, ni ma haka.

A lokacin Kawu yana zaune tare da mu. Ƙanen Inna ne, daga wajen Anka ya dawo bayan gubar dalma ta shiga ƙauyukansu. Kowa ya ji abin da ya faru a Dareta da Abare, amma ji daban, gani daban. Kawu ya kai ƙananan 'ya'yansa kushewa ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa ganin abin da ya kashe su ba. An dai ce masa yana cikin ƙasar tsakar gidansa da ruwan da suke sha. Tun daga nan ba ya shan ruwan da bai ga inda aka ɗebo shi ba. In yaro ya zauna a ƙasa sai ya daka masa tsawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma mun yi masa uzuri.

Bazarar da abin ya faru, an riga an sa ranar su, maza suna ta ɗinkin homa. Ina tsakar gidan mijina ina daka da hantsi sai na ji ihu daga fadama. Na ɗauka yaro ne ya faɗa ruwa. Na fito da taɓarya a hannu ban ma san ina riƙe da ita ba.

Tun kafin in isa wari ya tare ni. Tafkin ya ja baya ƙwarai a shekarar, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego, kuma gefensa duka fari ne da cikin kifi. Karfasa, tarwaɗa, manya da ƙanana, har 'ya'yan kwaɗi. A saman ruwan akwai wani maiƙo mai sheƙi. Mata suna salati, wani tsoho ya zauna daɓas a cikin laka yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Sarkin Ruwa ya ɗaga wata tarwaɗa ya buɗe ƙumbar kunnenta ya duba, ya jefar, ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza.”

To ai kowa ya sani. Babu mai shinkafa a fadamar nan da ba ya wanke tankin feshinsa a bakin tafkin nan. Kowa ya san can sama, ta wajen Bukkuyum, akwai masu wanke ƙasar zinariya a ruwan da ke gangaro mana. Amma wa zai faɗa? Mai faɗa shi ma yana da tanki a rataye a ɗakinsa. Ana ta kallon kallo, har wani ya buɗe baki ya ce shi dai ya sha ganin wani farin abu yana fita daga jikin zabiyan nan in ya shiga ruwa, kamar an zuba nono.

Ba ƙarya ya yi ba, ni ma na sha gani.

Auta yana nan tsaye cikin mutane da malafarsa. Kawu ya juya ya dube shi.

“Kai Auta, mi kaka shafawa in za ka shiga ruwa?”

“Magani ne, Kawu.”

“Maganin mi?”

“Maganin rana.”

Da ya ce mai ne, da wataƙila an tsaya an yi tambaya. Amma a wurinmu maganin ɓera shi ke kashe ɓera, maganin ciyawa shi ke ƙone ciyawa, maganin ƙwari shi ke kashe ƙwari. Abin da zai iya da rana kuwa, ina kifi zai tsaya a gabansa? Na ga maganar tana tafiya daga baki zuwa baki. Ya ce magani ne. Da bakinsa ya faɗa.

Kawu ne ya fara. Ya ɗauke shi da mari har malafar ta yi sama, yana ihu, “Haka anka yi muna can! Haka anka kashe mani ɗiya, ba mu ga komi ba sai gawa!” Shi ke nan kamar an ɓalle dam. Wani ya maka masa filafilin jirgi a gadon baya, ya faɗi. Suka yage masa riga. Wani ya ce a kankare abin daga jikinsa kafin ya ƙara kashe wani abu. Suka danne shi, suka dinga dumbuzar yashi mai zafi da ɓuntun shinkafa suna dirje masa baya da wuya da fuska, yadda ake dirje gindin tukunya. Fatar Auta da ko ƙaya ta karce ta sai ta yi jini. Yashin ya koma ja a hannunsu, ba su daina ba. Shi kuwa bai ko yi ihu ba, yana dai cewa, “Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri.”

Ban san lokacin da na shiga ba. Na sauke wa na farko taɓarya a dantse, na ji ƙarar ƙashin, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na biyu na same shi a ƙeya. Na zagi iyayensu da kakanninsu, na ce matsorata, 'yan banza, an bar jaki ana dukan taiki! Na kira su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin ranar da na ga kowanne yana wanke tankin feshi a nan. Wannan ya fi taɓaryar yi musu zafi. Aka fizge ta daga hannuna, wani ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya tafi. Na ciji hannun da ya toshe mini baki sai da na ji gishirin jini. Maza huɗu suka taru a kaina kafin suka kai ni ƙasa.

Sarkin Ruwa ne ya shiga tsakani, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ceton ran yaron ya yi nufi. Ya ce ba a kashe mutum da zato, a gwada. Aka kawo baho, aka je can ƙarshen tafki inda sauran 'ya'yan kifi ke motsi, aka kamfato su da ruwansu. Aka zaro robar man daga aljihun wandon Auta, aka matse ta kaf a ciki, aka dama da kara har ruwan ya yi fari. Aka aje bahon a kan yashi, a fili, inda babu inuwa ko ta tsinke. Aka zaunar da Auta kusa da shi, ba riga, ba malafa, jini yana bin bayansa. Su kuma suka koma gindin bishiya suna jira.

Na roƙe su, ni da ba na roƙo. Na ce ku rufa masa ko zanena ne. Aka ce in na ƙara magana za a ɗaure ni. Inna ta iso, ta tsaya daga nesa da mayafi a baki, ƙanenta a nan, ɗanta a can. Rana ta hau tsaka ta tsaya a kansa. Ina kallo bayansa yana tashi yana kumbura. Aka kira azahar, wasu suka je suka yi salla suka dawo.

Kifin suka fara juyewa ɗaya ɗaya, har suka ƙare. Aka yi kabbara.

Duk dukan da aka yi masa bai kai wannan ba. Auta ya sunkuya ya kusantar da idonsa dab da ruwan, don ba ya gani daga nesa. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Yaya, ashe ni ne.”

Aka shiga ɗakin Inna aka kwaso sauran robobin, aka cinna musu wuta a ƙofar gida. Bana babu ranar su, kuma kowa ya san wanda zai harara in miya ta yi lami.

Ya daɗe yana kwance rub da ciki. Fatar bayansa ta saluɓe kamar ta dafaffen dankali, ni ke wanke masa ina kore ƙuda. Da ya fara tashi sai na hau mota na tafi Gummi da kumburarren baki, na nemi ma'aikaciyar nan na zayyana mata komai. Ta share hawaye. Na ce ta gaya mini gaskiya tsakaninta da Allah, man nan yana kashe kifi?

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce gaskiya ne yana sauka daga jiki in an shiga ruwa, kuma ba ɓacewa yake ba. Rana tana dukansa a saman ruwa ya rarrabe ya koma wasu abubuwa dabam, wani ya kwanta a laka, wani ƙananan halittun ruwa su sha, 'ya'yan kifi su cinye su. In ya taru da yawa yana taɓa ƙwan kifi da ƙananansu. Ta ce an fi ganin haka a inda taron jama'a ke wanka da shi kullum a ruwa guda. Amma abin da ke jikin mutum ɗaya a tafki mai girman namu, ta girgiza kai ta ce ko kusa. Sai ta tambaye ni, “Sun aje wani bahon a rana, wanda ba a sa masa komai ba?”

Na ji kamar ta zuba mini ruwan sanyi. Ni da nake bandar kifi tun ina yarinya, na san ɗan kifi ba ya wuni a baho cikin zafin bazara. Kowa a wurin nan ya sani. Ba wanda ya tuna, don ba wanda yake son tunawa.

Na dawo da sabbin robobi a ƙulle cikin zanena. Washegari na sa aka kamo mini 'ya'yan kifi daga gulbi, na zuba su a baho da ruwa zalla, na aje a tsakar gidan Inna a rana, na ce Auta ya zauna a inuwa ya kalla. Kafin la'asar duk sun juye. Na ce, “Ka gani? Rana ce, ba kai ba ne.” Na kwashe duk abin da matar ta faɗa na gaya masa, daga farko har ƙarshe.

Ya saurara tsaf. Ya ce, “Amma ta ce shina sauka cikin ruwa.”

“Ta ce naka bai isa ba!”

“Ta ce shina taɓa ƙwai da ƙanana.”

“Kai wane irin kunnen ƙashi gare ka?”

“Yaya, ko guda na kashe, na kashe. Gari duka sun rasa su. Ba ni ƙara shafa shi.”

Na lallashe shi, na zage shi, na haɗa shi da Allah da Annabi. Na ce to ka shafa ka bar shiga ruwa. Ya ce gumi fa, ina yake zuwa in yana cikin shinkafa? Wata safiya haƙurin da ba ni da shi ya ƙare. Na shammace shi yana karyawa, na tura shi ƙasa, na hau ruwan cikinsa na danne hannuwansa da gwiwa, na matse man ina cusa masa a fuska da wuya da bayan kunne, ina kuka ina dukansa a ƙirji. Auta da bai taɓa ɗaga mini yatsa ba ya wurgar da ni, kaina ya bugu da turmi. Ya miƙe ya ce in yafe masa. Sannan ya ɗebi toka da ruwa a kwano ya wanke fuskarsa tas, ya ɗauki kwanon ya tafi can bayan gari inda babu hanyar ruwa, ya tona rami ya zuba ya binne.

Ya koma gona da malafa da tsumma a wuya. Mutanen da suka dirje shi da yashi suka dawo suna gaisawa da shi, suna cewa yaron kirki ne, ya ji magana. Tankunan feshi kuwa ba a daina wanke su a bakin tafki ba, sai dai a faki ido.

Wurin nan na bayan kunne ya fara ɓawo, ya fashe, ya ƙi rufewa. Ya zama gyambo. Muka yi na gargajiya, muka yi na kemis, abin sai faɗi yake. Lokacin hanya ba lafiya, ana tare motoci ana shiga daji da mutane, Inna ta ce ba za ta ba 'yan bindiga ɗanta ba. Da muka samu muka kai shi Sakkwato, likita ya duba ya kira ni gefe ya ce ya riga ya yi jijiya ya shiga ciki. Muka dawo da ƙwayoyin rage zafi.

Ciwon ya cinye kunnen ɗungurungum, ya gangaro muƙamuƙi. Wari ya hana kowa zama a ɗakin sai ni da Inna. Wata rana na ga Kawu zai wuce ya kau da kai, na cafko wuyan rigarsa na ja shi har bakin gadon, na yaye ƙyallen da ke kan ciwon na ce, “Duba! Duba aikinka!” Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Ni na rufe ɗiyana. Ba ni son wani shi rufe nashi, shi ya sa.” Na ce to ga yayarka nan za ta rufe nata. Na tofa masa yawu a gaban Inna, kuma Inna ba ta ce mini don me ba.

Daminar da ta gabata an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya yi ambaliya ya wanke tafkin tas ya cika shi da sabon kifi. Da bazara ta zo aka sa ranar su. Tun da safe ake jin ganga da sowa daga fadama, gari ya watse, ba kowa sai mu. Auta yana kwance, ya zama ƙashi da fata, rabin bakinsa ne kawai ke motsi. Na zauna ina yi masa fifita ina fatan barci ya ɗauke shi kafin su dawo.

Bai yi barci ba. Da rana ta karkata muka fara jin su suna wucewa ta bayan danga, yara suna ihu, mata suna guɗa, wani yana rantsuwa tarwaɗarsa ta kai tsawon yaro. Ya motsa hannu ya kama bakin zanena.

“Yaya, an samu?”

Na so in ce masa ba a samu ba. Na so in ce tafkin ya sake mutuwa ba da kai ba, ko zai gane. Amma yana ji da kunnen da ya rage masa.

“An samu.”

“Da yawa?”

“Da yawa, Auta.”

Ya lumshe ido, rabin bakin nan ya yi murmushi.

“Kin gani ko, Yaya?”

Maganar hankali ta ƙarshe da ya yi mini ke nan. Kafin ruwan farko ya sauka aka kai shi. Ya tafi yana murna, ni kuwa har yau ban yafe wa kowa ba, har da shi.